Lambu da Murhu a Ikko: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fi ƙarfin shafin da aka ware mana, saboda haka na zaɓi guda biyar waɗanda nake ganin amsarsu za ta amfani mutane da yawa, na kuma taƙaita kowace wasiƙa ba tare da na taɓa ma'anarta ba. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi mini uzuri, suna nan a ajiye.

TAMBAYA: Inna, barka da aiki. Ni mutumin Kura ne ta jihar Kano, ina sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12 ta Legas, ina kuma zaune da iyalina a bayan Ikorodu. Mai gidan da nake haya ya ba ni aron wani ɗan fili a bayan gida. Shekara biyu ke nan a jere ina dasa tumatir a watan Yuni, ya tashi kore shar, amma da ya fara fure sai ya yi yaushi cikin kwana biyu ko uku ya mutu, alhali ƙasar a jiƙe take. A lambun tumatir na girma, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ina laifin yake?

AMSA: Ɗana, hannunka bai manta da aikin da ya koya ba, abin da ya faru shi ne ka ɗauko kalandar Kura ka zo da ita bakin teku. Ka tuna lokacin da mahaifinka yake dasa tumatir: noman rani ne, bayan an ɗauke ruwa, ana ban ruwa daga magudanun da suka taso daga madatsar Tiga, iska a bushe, dare da sanyin hunturu. Wannan shi ne yanayin da tumatir yake so, kuma shi ya sa manyan motocin da kuke saukewa kullum a Mile 12 daga Arewa suke fitowa, ba daga gonakin Epe ko Badagry ba. Ruwan da ake yi a Legas a shekara ya kai wajen ninki biyu na wanda ake yi a Kano, kuma damina biyu ce: babbar daga Afrilu zuwa Yuli, sai ɗan tsagaitawa a watan Agusta, sannan ƙaramar a Satumba da Oktoba. Watan Yuni da kake dasawa shi ne tsakiyar ruwa, lokacin da ganye ba ya bushewa daga safe har dare, kuma da dare zafi ba ya sauka yadda fure zai kama ya zama ɗa.

Yadda ka kwatanta mutuwar, wato shuka ta yi yaushi farat ɗaya tana kore ƙasa kuma da laima, ya fi kama da wata cuta ta ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin ƙasa, masu shiga ta saiwa su toshe hanyoyin da ruwa yake bi zuwa ganye. Za ka iya tabbatarwa da kanka ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka yanke karan shukar da ta yi yaushi daga kusa da tushe, ka tsoma bakin yankan a cikin kofin gilashi mai ruwa garau, ka riƙe shi kada ya motsa. In cutar ce, cikin 'yan mintoci za ka ga wani farin abu kamar zaren madara yana gangarowa daga karan. Wannan daban take da tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa a shekarar 2016, wadda na san ba ka manta da yadda ta tayar da farashin kwando a kasuwarku ba. Ita waccan tsutsa ganye take hudawa ta bar shi kamar an ƙone. Wannan kuwa babu feshin da zai ceci shukar da ta kamu, kuma ƙwayoyin suna daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. Saboda haka ka tuge waɗanda suka mutu ka fitar da su daga lambun, kada kuma ka sake sa tumatir ko tattasai ko attaruhu ko gauta a wannan gurbin, domin dangi ɗaya ne, cuta ɗaya take kama su.

Shawarar da zan ba ka, wadda ni ma sai da na yi asarar damina guda a farkon zuwana kafin wata tsohuwa Bayarabiya maƙwabciyata ta nuna mini, ita ce ka shuka abin da ƙasar take maraba da shi. Ƙasar Kurmi ƙasar ganye ce. Alayyafo, wanda su suke kira tete, da lalo, wanda suke kira ewedu, da kuɓewa da rama da yakuwa da zogale da ganyen ugu, dukkansu ruwan da ya kashe maka tumatir shi ne abincinsu. Sai dai ka juya yadda kake gyara ƙasa. A gida fangali ake yi, a zurfafa tsakiya a ɗaga gefe don ruwa ya tsaya. A nan kuwa kunya mai tudu za ka yi, tsayinta kamar ɗani guda ko fiye, da kwari a tsakanin kowace biyu don ruwa ya wuce, domin saiwar da ta kwana biyu a cikin ruwa ruɓewa take yi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, ka gauraya shi da busasshen yashi kafin ka yafa don kada ya taru wuri guda, sannan ka rufe kunyar da busasshiyar ciyawa ko ganyen kwakwa na kwana uku zuwa huɗu, in ba haka ba ruwan sama ɗaya mai ƙarfi zai kwashe maka irin ya kai shi kwata. Cikin mako uku zuwa huɗu za ka fara cira. Kuɓewa kuma ka jiƙa irinta ya kwana, ka sa ƙwaya biyu ko uku a rami, kafin wata biyu ya cika za ta fara ba ka 'ya'ya, kuma in ta fara sai ka riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, don wadda aka bari ta ƙosa a jiki tana sa uwar ta rage haihuwa.

In kuwa zuciyarka ta ƙi haƙura da tumatir, kuma na san da wuya mutumin Kura ya haƙura, to ka yi rainon iri a Oktoba ka dasa a Nuwamba, yadda furensa zai haɗu da ɗan hunturun da muke samu a Disamba da Janairu. Ka dasa a cikin buhuna da ƙasar da ka ɗebo daga wani wuri, ka kafa wa kowace shuka sanda ka ɗaure ta don kada ganye ya taɓa ƙasa, ka kuma yi ban ruwa da safe a gindi, ba ta sama ba.

TAMBAYA: Inna, ni amarya ce, wata bakwai da kawo ni Idi-Araba daga Katsina. Mahaifiyata ta haɗo ni da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa masu yawa, amma duk sun yi fumfuna, kukar ta dunƙule ta canza wari. Maigidana bai ce komai ba, amma na lura ba ya cin tuwon kamar da. Ya zan yi?

AMSA: 'Yata, da farko ki kwantar da hankalinki, domin babu matar da aka kawo daga Arewa da ba ta zubar da kayan miyar gararta ba a daminar farko. A Katsina iska ce take ajiye mana kaya. A bar kuka a ƙwarya a rufe da faifai ta shekara ba abin da ya same ta. A nan iskar da kanta ruwa ce, duk abin da yake busasshe zuƙarta yake yi. Abin da ya riga ya yi fumfuna ki zubar, kada ki ji ƙyashi, kada kuma ki ce za ki kankare saman ki yi amfani da na ƙasa. Na fi ja miki kunne a kan gyaɗa da masara da ƙuli-ƙuli, saboda fumfunar da take kama su tana haifar da wata guba mai lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

Idan sabon saƙo ya zo, ranar da ya iso ki shanya shi in akwai rana mai ƙarfi, in babu ki ɗuma tukunya marar ruwa a wuta kaɗan ki juya kuɓewar da daddawar a ciki har sai kin ji sun yi ƙaras, ki bar su su huce sarai. Ita kuka ba ta son wuta, tankaɗe ta za ki yi kawai. Daga nan ki rarraba kowanne a ƙananan kwalabe masu murfi mai kamawa, ba a leda ba, kuma ba a babban mazubi ɗaya da za ki riƙa buɗewa safe da yamma ba. Ki buɗe kwalba ɗaya ki cinye ta kafin ki taɓa ta biyu, cokalin da za ki sa a ciki kuma ya zama busasshe. Ni nakan daka daddawata da busasshen barkono da citta da masoro tun ranar farko, don na ga ta fi daɗewa a haka.

Kada kuma ki ɗauka sai an aiko daga gida za ki yi miya. Abin da Yarabawa suke kira iru, kalwar ɗorawa ce irin tamu, bambancin kawai su a jiƙe suke sayar da ita da gishiri, mu kuwa mukan daka mu mulmula mu busar. Ki sayi mai ƙwaya-ƙwaya, ki ɗauraye ta sau ɗaya don rage gishirin, ki soya ta da albasa a cikin mai kafin ki tsayar da ruwan miya, za ki ji ƙamshin da kika sani. Ɗanyen lalo kuma yana nan a kowace kasuwa da araha, kuma miyarsa da tuwon shinkafa ko na masara ba ta da na biyu: ki tsinke ganyen, ki zuba a tafasasshen ruwa kaɗan da ɗan ƙanƙanin jiƙon kanwa, kada ki rufe tukunyar, in ya yi laushi ki burge shi da maburgi. Idan kin koma kan kuka, sirrinta ɗaya ne, wato ki rage wuta, ki riƙa barbaɗawa da hannun hagu kina kaɗawa da na dama, ki bar ta ta yi ɗan lokaci a wuta har warin ɗanye ya fita, sannan man shanu ya biyo baya a kwano. Game da maigida kuwa, ki gaya masa abin da ya faru da bakinki. Mutumin da ya ga tuwo ya canza ya yi shiru don kada ya ɓata miki rai, zai ji daɗi ki nemi ya raka ki wajen masu kayan miya na Agege, inda ake sauke sabuwar kuka koriya wadda aka shanya a inuwa.

TAMBAYA: Inna, ɗaki ɗaya nake haya a bene a Obalende, babu ko tafin hannu na ƙasa. Akwai abin da zan iya shukawa?

AMSA: Akwai, ƙanena, muddin barandarka tana samun rana ta awa biyar ko shida, kuma ka nemi izinin mai gida tukuna. Ka sami tsohon bokiti ko buhun shinkafa, ka huda ƙasansa wurare da yawa, ka cika shi da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen taki. Gindin albasar da ake yarwa in ka binne shi zai ba ka lawashi, reshen na'ana'a yana kamawa daga tsinke ɗaya, alayyafo da attaruhu kuma suna yi a bokiti. Ruwan da aka wanke shinkafa ko ganye da shi ya wadatar, amma kada ka kusanci ruwan kwata, domin abin da za ka ci ɗanye ne ko ka ba yara.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Ni dattijo ne a Agege, na bar aiki, na kama lambu don ya ɗebe mini kewa. Ina ɗebo kashin shanu daga wajen mayankar Oko-Oba. Tambayata biyu ce: in takin ya taɓa mini tufafi zan iya salla da su? Sannan alayyafo da kuɓewar da nake samu, har nakan sayar da kaɗan, akwai zakka a kansu?

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ba mai ba da fatawa ba ce, abin da na karanta a gaban malamaina zan faɗa, kuma ina roƙon ka kai maganar ga limaminku don ya duba yanayinka. A mazhabar Imamu Malik, wadda akasarinmu muka tashi a kanta, kashi da fitsarin dabbar da ya halatta a ci namanta masu tsarki ne, matuƙar dabbar ba najasa take ci ba. Kashin saniya da na akuya da na tunkiya sun shiga nan, saboda haka in ya taɓa riga salla ta inganta. Shafi'awa sun saɓa, suna ganin najasa ne. Sai dai ina so ka lura da inda kake ɗebowa: a mayanka taki yakan cakuɗe da jinin yanka, shi kuwa jinin da ya kwarara najasa ne ba tare da saɓani ba. Mafita mai sauƙi ita ce ka ɗebo daga turken da ake tsare shanun, ba daga wajen fiɗa ba, ka kuma ware rigar lambu daban da ta masallaci, wanda ko don ɗan'uwan da zai tsaya kusa da kai a sahu ya dace. Amfanin gonar ma yana buƙatar irin wannan haƙuri, don ɗanyen taki yana ƙona saiwa. Ka tara shi ka rufe, kana juyawa, har wata biyu ko uku, sai ya yi baƙi ya daina wari kafin ya shiga kunya.

Zakkar amfanin gona kuwa a wajen Malikawa tana kan abin da ake ci a matsayin abinci a kuma iya ajiye shi, kamar gero da dawa da shinkafa da masara da wake, idan ya kai wasaƙi 5, wato sa'i 300. A fitar da ɗaya bisa goma in ruwan sama ne ya shayar, ɗaya bisa ashirin in da wahalar ban ruwa ne. Ganyaye da kayan lambu irin naka babu zakka a kansu, ko da yake Imamu Abu Hanifa yana ganin akwai a duk abin da ƙasa ta fitar. Kuɗin da ka samu daga sayarwa kuma hukuncin kuɗi ne, sai sun kai nisabi sun shekara. Amma rashin wajabcin zakka bai rufe ƙofar lada ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zama sadaka a gare shi. Damin alayyafon da za ka miƙa wa maƙwabcinka ta kan katanga, Bahaushe ne ko Bayarabe ko Inyamuri, yana cikin wannan alkawari, kuma a gari irin Legas inda mutum yakan shekara bai san sunan na ɗakin kusa da shi ba, na ga irin zumuncin da damin ganye ɗaya yake ƙullawa.

TAMBAYA: Yaya, 'ya'yana huɗu duk a Mushin aka haife su. Suna jin Hausa, amma da Yarabanci ko Turancin kasuwa suke mayar mini da amsa, kuma babu mai iya karanta ko layi ɗaya da Hausa. Ina tsoron ranar da za mu koma gida su zama baƙi a wajen kakanninsu. Malamin Hausa zan ɗauka musu?

AMSA: Ƙanwata, wannan wasiƙa taki ta taɓa ni fiye da sauran, domin damuwar da na kwana da ita ce shekaru da dama. Kada ki ɗauki Yarabancinsu a matsayin asara. Arziki ne, kuma tun 2018 dokar jihar Legas ta wajabta koyar da shi a makarantu, saboda haka za su same shi ko kin so ko ba ki so ba. Hausa ce ba ta da mai tsaya mata a nan sai ke. Malami zai taimaka in da hali, amma awa biyu a mako ba za ta yi abin da bakin uwa yake yi kullum ba, kuma yaro ba ya riƙe harshen da bai ga ana wani aiki da shi ba.

Abin da ya yi mini amfani shi ne littafin lambu. Na sayi littafin rubutu mai ganye 80, na rataye shi da zare a ƙusa kusa da ƙofar madafa, na ce duk abin da aka shuka ko aka cira ko aka dafa sai an rubuta shi da Hausa, kuma yaran ne marubuta, ni mai faɗa. Yana gabana yanzu da nake wannan rubutu, bangonsa ya sha manja, wani shafin ma ruwa ya taɓa shi tawadar ta bazu. A wani wuri babbar 'yata, tana da shekara tara a lokacin, ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa an shuka kubewa ranar Asabar, na zagaye kalmar da jan biro na sa mata ƙugiya a kan harafin. Daga kuɓewa ta koyi ɓ, daga ɗanye ta koyi ɗ, daga ƙasa ta koyi ƙ, kuma da na nuna mata cewa kasa da ƙasa ba abu ɗaya ba ne, ba ta sake mantawa ba. Bayan shekara uku littafin ya zama abin da ni kaina nake dubawa kafin in yi shuka, domin a cikinsa na gane makon da ruwa ya saba tsagaitawa a unguwarmu, da watan da tsutsa take faɗa wa alayyafo har sai na jiƙa ganyen darbejiya na yayyafa.

In ba ki da lambu, madafa ta isa. Ki sa ɗaya ya kira kakarsu a waya ta faɗa masa yadda take haɗa miyar taushe, ya rubuta daga kabewa har zuwa gyaɗa da yakuwa, wani kuma ya karanta miki da ƙarfi ranar da za ki dafa, kina bin abin da ya karanta ko da kin fi shi sani. Tsohuwar za ta ji an girmama ta, yaran kuma za su ji kalmomin da ke kanki kin daina faɗa. In suna zuwa Islamiyya sun san haruffan Larabci, ki nuna musu cewa da waɗannan haruffa kakanninmu suka rubuta Hausa tun kafin zuwan boko. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar, ƙauyuka suna karantar da mata a cikin gidajensu ta hanyar waƙoƙin da ake haddacewa ana cikin aikin gida. Hanyar da ta bi ita ce nake nuna miki, ilimi ya sami mace a inda take daka da tankaɗe.

Ki fara da layi ɗaya a rana bayan sallar magariba, kafin a zuba abinci, kada kuma ki tsawata a kan kuskure a makonnin farko, ki bari hannu ya saba tukuna. In sun cika shafi goma, ki ɗauki hoton wanda ya fi kyau ki aiko wa wannan fili tare da sunayen ganyayen da suka koya, ina so in gani.